Sawun Van Halen, daga Pasadena zuwa titin Sunset

Sana'ata gyaran kayan sauti. Rediyo, amfilifaya, lasifikar masallaci, injin masu kiɗan biki, jitar 'yan coci, duk abin da ke da waya a cikinsa yake kuma fitar da murya ya taɓa kwana a shagona na Kaduna. Na fara da wannan ne don a gane dalilin da ya sa, da Allah ya ƙaddara na taka ƙasar Amurka a watan Oktoban 2023, roƙon farko da na yi wa ɗan yayata shi ne ya kai ni wata unguwa in ga bakin titi.

Shi ya gayyace ni. An yi masa haihuwar fari, kuma ni ne kawun da ya rage masa. Bayan an watse daga suna, ya zauna yana lissafo mini wuraren da ake kai baƙo a Los Angeles: bakin teku, titin da aka jera sunayen 'yan fim a ƙasa, unguwar masu hannu da shuni. Na ce duk na gode, amma Pasadena nake so, wani gari da ke gefen Los Angeles.

"Kawu, me ka ajiye a Pasadena?"

Na ce masa akwai mutumin da na kusa shekara arba'in ina sauraron hannunsa, ina so in ga inda ya tashi.

Wajen 1984, ina yaron shago, da kaset ɗin Michael Jackson maigidana yake gwada kowace rediyo da aka gama gyarawa. A tsakiyar waƙar Beat It akwai wani wuri, kamar rabin minti, da jita ke zabura kamar an saki ingarma a filin hawa. Na ji wurin nan ya fi sau ɗari, kuma a raina na yanke cewa inji ne, domin ban ga yadda yatsun ɗan Adam za su yi haka ba. Sai bayan shekaru wani makaɗin coci da ke kawo mini gyara ya ce mini mutum ne, sunansa Eddie Van Halen, Quincy Jones, mai shirya faifan, ne ya kira shi ya zo ya buga, ya buga ya tafi bai karɓi ko sisi ba. Ya ara mini kaset na farko na ƙungiyarsu, Van Halen. Tun ranar ban rabu da su ba.

Ɗan yayata a Inglewood yake zaune, ba nisa da babban zauren nan da ake kira Forum. Da muka wuce ta gabansa da safe na sa ya rage gudu. A nan ne Eddie ya ce ya ga Jimmy Page na Led Zeppelin yana buga jita da hannu ɗaya, ɗaya hannun a sama, sai ya tambayi kansa: hannun nan da ke zaune a banza fa, in aka kawo shi kan wuyan jitar me zai faru? Muka ajiye mota a tsakiyar gari, muka shiga jirgin ƙasa na cikin birni daga Union Station. Tafiyar kusan rabin awa ce. Tashar Allen da muka sauka a tsakiyar babbar hanya aka gina ta, motoci na tsala gudu dama da hagu, sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka. Amma da muka sauko muka miƙa arewa da ƙafa, sai gari ya yi tsit. Ƙananan gidaje masu ciyawa a gaba, dogayen itatuwa masu kama da giginya, ga duwatsun San Gabriel a tsaye a ƙarshen titi, busassu, launin ƙasa, kamar ka miƙa hannu ka taɓa.

Kusa da inda titin Allen ya haɗu da titin Villa, a gaban wani ɗan kanti, muka same shi. Rubutu ne da aka karta a siminti tun yana ɗanye: VAN HALEN. Mutanen unguwa na cewa Eddie da wansa Alex ne da kansu suka rubuta. Ba allo, ba shinge. In ba ka san da shi ba, takawa za ka yi ka wuce. Kwanaki kaɗan ke nan da cikar Eddie shekara uku da mutuwa, don haka akwai busassun furanni a gefe, da guntun kyandir, da 'yan robobin nan da ake kaɗa tsirkiya da su, wani ya jera guda huɗu a kan haruffan. Na durƙusa na sa yatsa a cikin harafin farko. Zurfinsa bai kai rabin gaɓa ba.

Ina durƙushe wani dattijo Bature mai jan kare ya tsaya. Ya tambayi daga ina, na ce Najeriya, ya girgiza kai yana murmushi. Ya ce shi a unguwar ya girma, kuma yana cikin samarin da ke biyan dala ɗaya su shiga bayan gidan mutane su ga yaran nan suna kiɗa, taro ya cika har kan titi, har sai 'yan sanda sun zo da jirgi mai saukar ungulu suna haska fitila kafin a watse. Ya nuna mana layin da gidan iyayensu yake. Mun bi ta layin amma ban yarda mun tsaya ba, domin wasu bayin Allah ne a ciki yanzu, kuma ban ga dalilin da baƙo zai tsaya yana leƙen ƙofar mutane ba. Abin da ido ya gani a wuce ya isa: gidajen layin ƙanana ne, irin na ma'aikaci mai lallaɓa albashi.

A hanya na ba ɗan yayata labarin, domin na lura ya ɗauka 'ya'yan gata ne. A Holan aka haife su, Alex a 1953, Eddie a 1955. Ubansu Jan makaɗi ne mai busa, uwarsu Eugenia 'yar tsibirin Java ce ta Indonesiya, ruwa biyu, kuma saboda haka ba ta ji daɗin zaman Holan ba. A 1962 suka hau jirgin ruwa zuwa Amurka da 'yan daloli kaɗan da fiyano guda. Uban da ke kiɗa a gidan rediyo a ƙasarsu ya koma shara da wanke-wanke, uwar tana aikatau a gidajen mutane. Yaran ba sa jin Turanci. Eddie ya faɗa da bakinsa cewa a makarantar firamare yaran Turawa ne ke cin zalinsa, kuma abokansa na farko baƙaƙen fata ne, su ne suka tsaya masa.

Ɗan yayata ya yi shiru. Can ya ce, "Kawu, wannan ai labarinmu ne." Shi ma da ya zo ƙasar ya yi gadi, ya yi wankin kwanuka, kafin Allah ya buɗa masa.

Fiyano aka fara tilasta musu. Eddie har gasa ya riƙa ci ba tare da ya iya karanta rubutun kiɗa ba, kallon yatsun malami yake yi ya haddace. Daga baya ya sayi ganguna, yana rabon jarida don ya biya kuɗinsu, Alex kuma aka ba shi jita. To duk sanda ƙanen ya fita rabon jarida sai wan ya hau gangunan, har ya fi mai su iyawa. Da Eddie ya ga haka ya ce to riƙe, ni ba ni jitar. Da wannan musayar aka samu makaɗa biyu da suka shekara kusan hamsin tare ba su rabu ba, ko da kowa ya rabu da su.

Daga nan muka gangara tsakiyar Pasadena, muka wuce ginin hukumar birni mai babbar ƙubba, zuwa zauren Civic Auditorium da ke titin Green. A gabansa hukumar birnin ta kafa allon tunawa da Eddie a 2021, domin a harabar nan suka yi wasanni da dama kafin duniya ta san su. Abin da ya ƙara mini daɗi, a cikin wannan zauren ne a 1983 Michael Jackson ya yi rawar nan ta sulalewa da baya da yaran Kaduna suka kashe takalmansu wajen koyo. Mutum biyun da suka haɗu a kaset ɗin maigidana, ga su sun sake haɗuwa a bakin ƙofa ɗaya.

A Pasadena ɗin dai suka samu sauran 'yan ƙungiyar biyu. David Lee Roth ɗan likita ne, yana da kayan sauti da 'yan'uwan ke haya a wurinsa, har suka ga gara su ɗauke shi mawaƙi su huta da biyan haya. Michael Anthony ya zo da jita mai kaurin murya, da wata siririyar murya ta amshi wadda, a kunnena, ita ce gishirin waƙoƙinsu. A 1974 suka koma amsa sunan Van Halen.

Washegari muka nufi titin Sunset. Mun fara da Sunset Sound, inda suka naɗi faifansu na farko. Gini ne mara ado, ba taga, in aka ce maka sito ne ba za ka musa ba. Na daɗe a tsaye a tsallaken titi ina kallonsa. A cikinsa ne a 1977 Ted Templeman, mai shirya musu faifan, ya ji Eddie yana motsa yatsu shi kaɗai kafin a fara aiki, ya ce a naɗa. Abin da aka naɗa shi ne Eruption, minti ɗaya da daƙiƙa 42, ba waƙa, ba amshi, kusan jita zalla. Faifan ya fito a watan Fabrairun 1978, kuma a Amurka kaɗai ya haura kwafi miliyan 10.

Bari in yi bayanin abin da ya yi, don wanda bai taɓa riƙe jita ba. Kamar gurmi ko garaya, hannu ɗaya ke danne tsirkiya a wuya, ɗaya ya kaɗa ta a ciki. Eddie sai ya ɗauko yatsan hannun kaɗawa ya kawo shi wuyan, yana dukan tsirkiyar da shi yana fizgewa, yatsun ɗaya hannun su ma suna yin haka. Sauti uku ke bin juna a guje kamar ruwan sama a kan kwano. Akwai waɗanda suka riga shi taɓa wannan dabara, amma shi ya mai da ita harshe da ake magana da shi. Kafin faifan ya fito, yakan juya wa jama'a baya in ya zo wurin, don kada makaɗan da ke cikin taro su sace.

Sai dai ni abin da ya ɗaure ni da mutumin nan ba saurin ba ne. Masu sauri sun yi yawa bayansa, shekarun 1980 sun cika da samari masu dogon gashi da ke zuba yatsu kamar ana biyansu da ƙidaya, yawancinsu in ka kashe rediyo ba abin da ya rage maka a kai. Abin da ya ɗaure ni shi ne ɗan sana'armu ne. Jitar da yake so babu ita a kasuwa, kuɗin sayen biyu ma babu, sai ya sayi gangar jiki mai tabo a kan dala 50, wuya a kan dala 80, ya sa kurfi ya faɗaɗa ramin, ya ciro maganaɗisun ɗaukar sauti daga jitar Gibson ya dasa a jiki irin na Fender. Da ya rasa yadda zai haɗa sauran wayoyin, ya bar maɓalli ɗaya tak, na ƙara murya. Ya naɗe ta da salatif, ya fesa fentin keke, ya ɓare, layuka suka fito a harɗe, fari da baƙi, daga baya ya ƙara ja. Har kwabo ya ɗaure mata da kusa don ya tokare wani ƙarfe. Ita ce ake kira Frankenstrat, kuma kwafinta na gidan tarihin Smithsonian a Washinton.

Ga kuma wanda ya fi burge ni. Amfilifayar Marshall mai wat 100 ba ta ba da zaƙinta sai an ƙure ta, in kuma aka ƙure ta a ƙaramin ɗaki ba mai iya zama. Wata rana ya sayi wadda aka saita a kan wuta 220, irin tamu, ya jona a wutar Amurka ta 110 bai sani ba. Da ta yi zafi sai ya ji muryar nan da yake nema, amma a hankali. Daga nan ya nemo na'urar rage ƙarfin wuta ya riƙa sauke ta yadda yake so. Duk wanda ya taɓa zama a shago da ƙarfen dalma a hannu, wutar NEPA na hawa tana sauka, ya san irin wannan ilimin. Ba a aji ake samunsa ba, sai ka ƙona abu goma kafin na sha ɗaya ya yi magana. Shi ya sa ban yi mamaki ba da na ji Mdou Moctar, Buzun nan na Nijar da ya ƙera jitarsa ta farko da wayar birkin keke, yana cewa ya zauna ya kalli bidiyon Eddie.

Gaba kaɗan a titin akwai babban kantin kayan kiɗa na Guitar Center. A jikin bangonsa an zana fuskar Eddie, tsayin gini, yana dariyar nan tasa. A bakin ƙofa kuma akwai allunan siminti da manyan makaɗa suka danna tafin hannunsu, nasa na cikin na farko, tun 1985. Na ɗora hannuna a kai. Ɗan yayata ya ɗauki hoto, sannan ya ja ni ciki, ya sa wani yaron kanti ya jona mini jita mai irin layukan nan. Ban iya kiɗa ba, abin da na iya shi ne gwaji. Na juya ta, na duba bayanta, na kaɗa tsirkiya ɗaya na bar ta tana kuka har ta mutu da kanta. Yaron ya tambaya ko ni makaɗi ne, na ce a'a, likitansu ne.

Da la'asar muka kai sashen titin da ake kira Strip. Gidan kiɗa na Whisky a Go Go na nan a kusurwa da jan fentinsa, ya fi ƙanƙanta a ido fiye da yadda sunansa ya kai. Gazzarri's, inda suka shekara suna buga waƙoƙin wasu dare bayan dare kafin a yarda su buga nasu, an daɗe da rufe shi. Starwood ma, inda mutanen kamfanin Warner suka gan su suka ɗauke su, babu shi. Ban shiga ko ɗaya daga gidajen da suka rage ba, mashaya ce, ba wurina ba ne. Na tsaya a waje na kalli wasu samari huɗu suna sauke ganguna da lasifiku daga bayan tsohuwar mota, kowa na haɗa gumi, ɗaya na rungume da amfilifaya kamar jariri.

A mota muka yi sauran labarin, ɗan yayata na sako waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya daga wayarsa. Faifai shida suka yi da Roth cikin shekara shida. A 1978 suna buɗe wa ƙungiyar Black Sabbath wasa, a 1983 an biya su dala miliyan ɗaya da rabi don wasa guda a bikin US Festival. A takardar yarjejeniyarsu akwai sharaɗin a ajiye musu alewar M&M's amma a tsince masu ruwan ƙasa. Mutane suka ce iskanci ne na masu kuɗi. Roth ya bayyana cewa gwaji ne: in suka tarar da mai ruwan ƙasa a kwano, sun san ba a karanta takardar da kyau ba, sai a sake duba wuta da nauyin dandamali kafin wani ya mutu. A matsayina na wanda ya sha ganin an jona waya tsirara a wurin biki, na ba su gaskiya.

Da Jump ta shigo ya ce, "A'a, Kawu, wannan ai na san ta!" Ita kaɗai ce waƙarsu da ta hau lamba ɗaya a Amurka, kuma ba jita ce ke jan ta ba, madannin lantarki ne, yaron fiyano ya dawo. Faifan da take ciki, mai suna 1984, ya tsaya a lamba biyu, Thriller na Michael Jackson ya tare masa hanya, wato faifan da Eddie ya yi wa aiki kyauta.

Daga nan sai rabuwa. Roth ya fita a 1985, Sammy Hagar ya shigo, suka yi faifai huɗu a jere kowanne ya hau lamba ɗaya, har da kyautar Grammy a 1992. Kasuwa ta fi kyau a zamanin Hagar, wannan ba gardama, amma ni kunnena na wurin shidan farko, lokacin da sautin ke da ƙura a jikinsa. Hagar ya tafi a 1996 cikin rigima, aka gwada Gary Cherone a faifai ɗaya a 1998 bai karɓu ba. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da aka shigar da su zauren girmamawa na Rock and Roll Hall of Fame a 2007: Hagar da Anthony kaɗai suka je, mutum biyun da ba sa cikin ƙungiyar a lokacin. Eddie na wurin jinyar shaye-shaye. Shi da kansa ya ce tun yana ɗan shekara 12 ya fara sha da taba. Ina jin zafin wannan ƙwarai, domin na ga abin da kwalba ta yi wa masu hannu irin nasa a garinmu, waɗanda ba su samu mai kai su jinya ba. Shi ya samu ya daina a 2008. A lokacin Roth ya dawo, ɗan Eddie, Wolfgang, ya karɓi gurbin Anthony yana ɗan shekara 15, suka fitar da faifai na ƙarshe a 2012.

Magariba ta kusa da muka hau tudun Hollywood Bowl. Ba a wasa ranar, mai gadi ya bar mu muka leƙa. Kujerun katako ne jere-jere suna hawa jikin dutse, dandamalin na can ƙasa kamar rabin ƙwarya a kife. A nan suka yi wasansu na ƙarshe ranar 4 ga Oktoban 2015, uba da ɗa da wan uba a dandamali ɗaya. Ciwon daji da ya fara kama shi a harshe tun 2000 ya dawo, ya rasu ranar 6 ga Oktoban 2020 a Santa Monica yana da shekara 65. Muka zauna a layin sama na ɗan lokaci, iska mai sanyi na saukowa daga dutsen, sannan ɗan yayata ya duba agogo ya ce mu tashi mu nemi inda za mu yi salla.

Sati biyu da dawowata Kaduna, ɗan makaɗin cocin nan da ya ara mini kaset, wanda ya gaji uban a sana'a, ya kawo mini jita. Ya ce da ya ƙara murya sai ta kama ihu kamar an taka ɗan kwikwiyo, an kai ta wuri biyu an kasa. Na san ciwon: siraran wayoyin da ke naɗe a jikin maganaɗisun ne suka saki, suna rawa. Eddie yakan narka kakin kyandir a gwangwani ya tsoma maganaɗisun a ciki don kakin ya riƙe wayoyin, kuma ya lalata da yawa kafin ya gane kada kakin ya yi zafi har ya narkar da robar. Na aiki yarona ya sayo kyandir shida. Na ɗora gwangwanin madara a cikin tukunyar ruwan zafi a kan risho, na jira ya narke, na sauke, na tsoma. Ƙananan kumfa suka riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya, muna tsaye mu uku muna kallo har suka daina. Da ya huce na goge, na mayar, na liƙa wayoyin da dalma, na miƙa masa. Ya jona, ya murɗa maɓallin har ƙarshe, ya saurara. Shiru. Sannan ya kaɗa.